Jirgin BK716: me ya sa ake tono waɗanda suka yi ruwan bama-bamai, shekara 77 bayan mutuwarsu?

Duk sanda labari ya fito daga Turai cewa an tono ɓaraguzan wani jirgin yaƙin duniya na biyu, an binne ƙasusuwan mutanen cikinsa da faretin soja, gardama iri ɗaya ce take tashi. Wasu su ce jarumai ne da suka sadaukar da rai don karya Hitila. Wasu su ce ai su ne suka ƙone garuruwa da mata da yara a ciki, to ina dalilin yi musu gata? Akwai kuma mai tambaya ta kai tsaye: mutum ya mutu tun kafin a haifi iyayenmu, me tono shi zai ƙara wa wani?

Tambayoyin nan uku duk suna da tushe. Sai dai ba za su amsu ba sai an san su wane ne mutanen, wane aiki aka sa su, kuma wa ya yanke shawarar inda bam zai sauka. Jirgi ɗaya ya ishe mu misali, wato BK716, wanda aka ciro daga ƙasan wani tafki a Holan a 2020.

Abin da ya faru a daren 29 ga Maris 1943

A wannan dare rundunar sojan saman Birtaniya ta tura jirage 329 su kai wa Barlin hari. Guda 21 ba su dawo ba. Harin ma bai yi wani tasiri ba: ƙanƙara ta riƙa kama fukafukai, iska ta saɓa wa hasashen da aka yi, akasarin bama-baman suka zube a fili nesa da tsakiyar birnin.

BK716 jirgi ne ƙirar Short Stirling mai inji huɗu, na rukuni na 218, ya tashi daga sansanin Downham Market da ke Norfolk a gabashin Ingila. A hanyarsa ta komawa gida, yana saman Holan, wadda ke hannun Jamus tun Mayun 1940, wani matuƙin jirgin farautar dare mai suna Werner Rapp ya harbo shi. Ya faɗa ruwa da mutum bakwai a ciki: matuƙin, John Harris, tare da Ronald Kennedy, John Campbell, Charles Bell da Leonard Shrubsall, dukansu 'yan Birtaniya, sai 'yan Kanada biyu, Harry Farrington da John McCaw.

A Ingila ba wanda ya san haka. Abin da sansani ya sani kawai shi ne gari ya waye jirgi bai sauka ba. Iyalai suka samu gajeren saƙo cewa ɗansu ya ɓace a bakin aiki, daga nan shiru. Bayan yaƙi aka sassaƙa sunayensu a ginin tunawa na Runnymede, wanda aka buɗe a 1953, tare da sunaye fiye da 20,000 na sojan saman da ba a san inda kabarinsu yake ba.

Mutum bakwai a cikin gwangwani ɗaya

Mutane da yawa suna ɗauka matuƙi ne kaɗai ke da aiki a irin wannan jirgi. Ba haka ba ne. Akwai mai duba taswira, wanda ke lissafin hanya da agogo da taurari cikin duhu. Akwai injiniya mai kula da injina da mai, da mai rediyo, da mai sakin bam wanda ke kwanciya rub da ciki a hancin jirgi yana leƙen ƙasa, da masu harbi biyu, ɗaya a gadon bayan jirgi, ɗaya can a wutsiya.

Yadda ake haɗa su ma abin lura ne. A makarantar horo sai a tara ɗaruruwan samari a babban zaure, a ce kowa ya nemi abokan tafiyarsa, kamar yadda yara ke raba kansu a filin ƙwallo. Da kallon fuska da 'yar gajeruwar hira mutum zai zaɓi waɗanda zai rayu ko ya mutu tare da su. Dukansu 'yan sa-kai ne, ba wanda aka tilasta wa hawa jirgi, kuma yawancinsu ba su fi shekara 22 ko kusa da haka ba. Wanda ya kai talatin tsoho ake ɗaukarsa.

Mai harbin wutsiya ya fi kowa shan wuya. Yana zaune a wani ɗan keji na gilashi da bai isa ya miƙe ƙafa ba, baya ga sauran, ba ya ganin kowa, sai murya a kunne. Sanyin sama kan kai digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili, amma da yawansu sukan cire gilashin gabansu da gangan, domin ɗan dattin da ke jikin gilashi yana iya ɓoye jirgin abokin gaba. A haka zai yi awa bakwai ko takwas yana zare ido a duhu. Laimar sauka kuma, a yawancin jiragen, ba ta shiga kejin tare da shi, a bayan ƙofa take rataye. In wuta ta kama, sai ya juya kejin, ya buɗe ƙofa, ya ɗauko ta, ya ɗaura, sannan ya yi tsalle.

Stirling kuwa yana da nakasa tun daga ƙira. An taƙaita faɗin fukafukansa ƙasa da ƙafa 100, saboda haka ba ya iya hawa sama sosai in yana ɗauke da kaya. Jiragen Lancaster da Halifax suna can sama, shi yana ƙasa, inda fitilun haska sama da bindigogin kakkaɓo jirgi suka fi samunsa, wani lokaci har bam ɗin 'yan uwansa na sama ya faɗo masa. A watan Nuwamban 1943 aka daina tura shi manyan hare-hare cikin Jamus.

Ga alƙaluman da ke bayyana girman abin. Kimanin mutum 125,000 ne suka yi aikin jirgi a sashen da ake kira Bomber Command, wato reshen jiragen jefa bama-bamai. Aka kashe 55,573, kusan 44 cikin ɗari ke nan. Sama da 8,000 suka ji rauni, kusan 10,000 suka zama fursunonin yaƙi. Ƙa'ida ita ce mutum ya kai hari 30 kafin a ba shi hutu. In ana rasa jirgi biyar cikin ɗari a kowane dare, abin ba ya jin yawa a kunne, amma a lissafa shi sau talatin: mutum ɗaya cikin biyar ne kawai zai kai ƙarshe. Su ma sun iya wannan lissafi. Wanda zuciyarsa ta karye ya ce ba zai sake tashi ba, akan cire masa igiya, a buga masa tambarin ragwanta a takardunsa.

Me ya sa da dare, me ya sa a kan gidajen mutane?

Nan ne asalin rikicin yake, kuma nan ne aka fi rashin fahimta.

Da farko da rana aka gwada. A ranar 18 ga Disamba 1939 jiragen Wellington 22 suka isa gaɓar tekun Jamus da rana tsaka, aka kakkaɓo 12. Birtaniya ta gane cewa jirgin bam ba zai iya kare kansa da rana ba, sai ta koma dare. Duhu ya ɓoye jirgi, amma ya ɓoye abin da ake son buga wa. A watan Agustan 1941 wani ma'aikacin gwamnati mai suna David Butt ya binciki ɗaruruwan hotunan da jiragen suka ɗauka lokacin sakin bam. Sakamakon ya girgiza manya: cikin jiragen da suka ce sun kai hari, ɗaya cikin uku ne kawai ya kusanci wurin da mil biyar. A yankin masana'antu na Ruhr, ɗaya cikin goma.

Hanya biyu ta rage: ko a daina, ko a nemi abin da ya yi girman da ba za a kuskure shi ba. Aka zaɓi ta biyu. Umarnin 14 ga Fabrairu 1942 ya ce a mayar da hankali kan karya gwiwar fararen hular Jamus, musamman ma'aikatan masana'antu. Ma'anarsa a aikace, unguwannin da suke kwana. Kwanaki kaɗan bayan haka Arthur Harris (ba John Harris matuƙin BK716 ba) ya karɓi jagorancin sashen. Ba shi ya ƙirƙiro manufar ba, daga gwamnati ta fito, amma ya riƙe ta da hannu biyu har ƙarshen yaƙi.

A watan Yulin 1943 gobarar da bama-bamai suka haddasa a Hamburg ta kashe kusan mutum 40,000. A Fabrairun 1945, yaƙi na dab da ƙarewa, jiragen Birtaniya da Amurka suka kashe har kimanin 25,000 a Dresden. Jimillar fararen hular da ruwan bama-bamai ya kashe a Jamus ta kai dubban ɗaruruwa. Wanda ya tuna Rann a 2017 ko Tudun Biri a 2023 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da bam ke yi in ya sauka cikin jama'a.

Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu kare hare-haren suna farawa da cewa ba Birtaniya ta fara ba. Jiragen Jamus sun ragargaza Warsaw a 1939, Rotterdam a Mayun 1940, Coventry a Nuwamban wannan shekara, sun kuma kashe fiye da mutum 40,000 a Landan da sauran biranen Birtaniya tsakanin 1940 da 1941. Sai su ƙara da cewa bayan an kori sojan Birtaniya daga Faransa a 1940, ba wata hanyar taɓa Jamus a gidanta sai ta sama, ga Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, yana matsa lamba a rage wa sojansa nauyi. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce an tilasta wa Jamus tsare dubban manyan bindigogi, da jiragen yaƙi, da ɗimbin mutane a gida don tsaron sama, alhali da a fagen daga na Rasha za su kasance.

Masu suka ba bayan yaƙi suka fara ba. A Fabrairun 1944 George Bell, bishop na Chichester, ya miƙe a Majalisar Dattawan Birtaniya ya ƙalubalanci shafe birane gaba ɗaya, ana tsaka da yaƙi. Suna kuma nuna cewa ƙera makamai a Jamus ya ci gaba da ƙaruwa har tsakiyar 1944, gwiwar jama'a kuma ba ta karye yadda aka yi alkawari ba. Abin da ya durƙusar da injin yaƙin Hitila daga baya shi ne hare-hare kan matatun mai da layin dogo, waɗanda Harris ya riƙa yi wa kallon ɓata lokaci. A 1977 aka ƙara wa yarjejeniyoyin Geneva kan dokokin yaƙi wani sashe da ya haramta ɗaukar birni guda a matsayin abin hari ɗaya.

A ganina masu suka sun fi gaskiya kan manufar, musamman a watannin ƙarshe na yaƙin, lokacin da aka riga aka samu na'urorin da ke iya kai jirgi kan matatar mai ko tashar jirgin ƙasa. Amma manufar ba a cikin jirgi aka tsara ta ba. Saurayi ɗan shekara 20 sai da yamma, a ɗakin bayani, ake yaye labulen taswira ya ga jan zaren da ke nuna inda za shi. Wannan bai wanke hannunsa tas ba, domin shi ya ɗauki bam ɗin ya kai. Sai dai yana nuna inda nauyi ya fi yawa.

Abin da ya biyo baya ya juya wannan tsari kan ƙasa. A ranar 28 ga Maris 1945 firaministan Birtaniya Churchill, wanda gwamnatinsa ta amince da manufar, ya rubuta wa hafsoshinsa takarda yana nesanta kansa da abin da aka yi wa Dresden. A jawabinsa na nasara ya yaba wa rundunoni iri-iri, ya tsallake Bomber Command. Ba a ba su lambar yabo ta musamman ba. Manya suka zame, kunyar ta sauka kan yaran da suka tsira da iyalan waɗanda suka mutu. Da aka kafa mutum-mutumin Harris a Landan a 1992, masu zanga-zanga suka yi ihu a wurin bikin, daga baya aka watsa masa jan fenti. Sai a ranar 28 ga Yuni 2012 Sarauniya Elizabeth ta buɗe wurin tunawa da ma'aikatan jiragen a Green Park, da kuɗin da akasari jama'a suka tara, kuma an rubuta a jikinsa cewa yana tunawa da mutanen kowace ƙasa da ruwan bama-bamai ya kashe. A 2013 aka ba tsofaffin da suka rage ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a kan wata lambar, ba lamba cikakkiya ba.

Me ya sa Holan ce ke tonowa?

Taswira ce ta jawo. Hanyar jiragen daga gabashin Ingila zuwa Jamus ta saman Holan ta bi, a nan kuma Jamus ta jera na'urorin rada da sansanonin jiragen farautar dare. Fiye da jirage 5,000 na kowane ɓangare suka faɗi a ƙasar da ruwanta. Da aka janye ruwa daga wani ɓangare na tafkin IJsselmeer bayan yaƙi don samar da ƙasar noma, ɓaraguzai suka riƙa fitowa daga laka.

Dangantakar mutanen Holan da waɗannan jirage ba mai sauƙi ba ce. Ga mutumin da ke ƙarƙashin mamaya, rugugin injina da dare alama ce cewa ba a manta da shi ba, kuma a ƙarshen Afrilun 1945 jiragen Lancaster ne suka jefa wa masu fama da yunwa abinci. Amma bam ɗin ƙawaye, wato Birtaniya da Amurka, ya kashe su su ma. A Fabrairun 1944 jiragen Amurka suka kashe kusan mutum 800 a Nijmegen.

A 2008 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta kamo wani ƙarfe a tafkin Markermeer, wanda ba shi da zurfi sosai. Masu nutso 'yan sa-kai suka bi sawu. Da farko an ɗauka wani jirgin ne daban, BK710, sai daga baya bincike ya tabbatar da BK716. Cikin abubuwan da aka tsinta akwai ƙaramar giwa ta katako da wani ya riƙe don neman sa'a, da gwangwanin taba mai ɗauke da haruffa JMC, farkon sunayen John Michael Campbell.

Ko a nan ba a rasa saɓani ba. Tsohuwar al'adar hukumomi, a Birtaniya da Holan, ita ce jirgin da ke da gawa a ciki kabari ne, a bar shi. Dokar Birtaniya ta 1986 ta hana taɓa irin waɗannan ɓaraguzai ba da izini ba. Masu goyon bayan haka suna cewa mutanen sun kwanta tare da abokan aikinsu, tayar da su ba girmamawa ba ne. Iyalai da yawa kuma suka ce ƙasan tafki ba kabari ba ne in ba wanda zai iya tsayawa a kansa. Ga kuma dalili na yau da kullum: ɓarayin kayan tarihi, da harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a inda ake haƙa ko gini. A ƙarshe gwamnatin Holan ta ƙaddamar da shiri na ƙasa, ta ɗauki nauyin tono tsakanin jirage 30 zuwa 50 da ake kyautata zaton akwai gawarwaki a cikinsu, nauyin da a da yake kan ƙananan hukumomi.

An yi aikin BK716 daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoban 2020, ƙarƙashin hukumar birnin Almere da sojan Holan. Inji ya riƙa ɗebo laka daga ƙasan ruwa ana tacewa a rariya. Wasu sun ga hakan a matsayin rashin tausasawa ga gawa. An samu ƙasusuwa. An yi amfani da ɗaya daga cikin injinan jirgin wajen gina abin tunawa a Almere, sannan a watan Satumban 2022 aka binne abin da aka samu na mutanen bakwai a maƙabartar soja ta Jonkerbos, a Nijmegen ɗin nan da bam ɗin ƙawaye ya rusa. 'Ya'ya da jikoki da 'ya'yan 'yan uwa suka halarta, akasarinsu ba su taɓa ganin mamatan ba.

Sunan Gold Coast a jikin rukunin

Cikakken sunan rukuni na 218 yana ɗauke da Gold Coast, wato Gana ta yau, domin a 1941 wannan ƙasa da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ta ɗauke shi a matsayin nata. Najeriya ma tana da nata, rukuni na 91 mai jiragen Spitfire. Kuɗin gudummawar yaƙi da aka riƙa tarawa a ƙasashen nan daga aljihun talakawa da baitulmalin En'e-En'e ya fito.

Ba kuɗi kaɗai ba. Johnny Smythe, ɗan Freetown a Saliyo, mai duba taswira ne a jirgin Stirling na rukuni na 623, wanda shi ma daga Downham Market yake tashi. An harbo shi a Nuwamban 1943, ya yi zaman fursuna a Jamus har ƙarshen yaƙi, daga baya ya zama babban lauya a ƙasarsa. Akin Shenbanjo daga Najeriya ya yi aikin rediyo a jirgin Halifax, ya samu lambar bajinta. Su kaɗan ne a sama. Dubban da suka fi yawa a ƙasa suka yi nasu, da farko a Habasha, daga baya a dazukan Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausawa na da yawa a cikinsu.

Saboda haka mai karatu a Kano ko Kumasi yana da haƙƙin tambaya ko ana yi wa kowa irin wannan ƙoƙari. Amsar ita ce ba a yi ba. A Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta fitar da rahoto da kanta, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, akasari 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Rahoton ya ambaci wariyar launin fata ƙarara, ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. A Janairun 2025 aka buɗe wurin tunawa a Cape Town mai sunayen leburorin soja baƙar fata fiye da 1,700.

Na yaƙi na biyu sun fi samun shiga rajista. Akwai sunayen sojan Afirka ta Yamma a maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon a Bama, akwai kuma a wurin tunawa na Abuja. Rajistar hukumar tana intanet kyauta, kowa na iya bincikawa. Wahalar ita ce yadda aka rubuta sunayen: a lokacin ɗaukar soja akan haɗa sunan mutum da na garinsu, wane Kano, wane Katsina, wane Sakkwato, da rubutun Bature yadda kunnensa ya ji. Wanda ke neman kakansa sai ya gwada rubutu iri-iri, kuma in akwai tsohuwar takardar sallama ko lambar yabo a gida, lambar soja da ke jikinta ta fi suna saurin kai shi ga abin da yake nema.